Rijiyar Baffa da Takin Birni

Toranke, Ƙaramar Hukumar Ajingi,
Talata, 9 ga Yuli.

Zuwa ga yayata, Adda Zuhra,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙane ke yi wa babbar yayarsa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Hadi da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Fatakwal, ya kare ku daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Mu a nan damina ta zauna, an gama noman farko, gero ya kai gwiwa a gonakin mutane. Saniyarki mai karyayyen ƙaho ta haifi maraƙi ja, kuma yana tsotso sosai. Yayana Hamma Bubayero da iyalinsa suna nan. Matata Fauziyya tana Kademi a gidansu tare da yara, cikinta ya shiga wata na bakwai. Mahaifiyarmu Dada kuwa ba ta da lafiya, fiye da yadda ake gaya miki a waya, kuma saboda ita na zauna rubutun nan.

Sau biyu na kira ki a satin da ya wuce da niyyar in faɗa miki, duka biyun na ɓige da zancen ruwan sama da lafiyar shanu har kika ce kina da girki a wuta. Kin san ni tun ina ƙarami, abin da bakina ya kasa ɗauka hannuna ne ke ɗaukarsa. Idan na gama zan hau babur zuwa Ajingi inda waya ke kamawa da kyau, in ɗauki hoton shafukan in turo miki. Ina roƙonki ki karanta har ƙarshe kafin ki kira kowa. Littafin da nake rubuta al'amuran kowace rana yana buɗe a gabana, don haka ranakun da zan ambata ba daga ka na ɗauko su ba.

Kin tuna yadda ake kwaso sharar cikin garin Gaya a kan jakuna a zuba a gona tun muna yara. Yanzu tifa ce ke kawo ta har daga birni. Taki ne mai kyau, aibinsa kawai leda da fasassun kwalabe, sai an durƙusa an tsince, kuma duk da haka akuyoyi su ci ledar su kumbura. Ranar 26 ga Fabrairu, saura sati biyu a ɗauki azumi, na haɗu da wani direban tifa a bakin kasuwar Gaya. Ya hau da ni ya nuna mini abin da ya ɗauko. Baƙa ce mai ɗan shuɗi-shuɗi, da laushi kamar an tankaɗe ta, babu leda ko guda. Tana da wari mai hawa ka, amma wane taki ne ba ya wari? Na tambaye shi daga wace unguwa aka kwaso, ya ce daga bayan kamfanoni ne, ta shekara da shekaru tana ruɓa, irin wadda manyan manoma ke rububi. Ban ƙara tambaya ba, ko sunansa ban tambaya ba. A shafin wannan rana na rubuta cewa yau na yi sa'a. Na koma na karanta layin nan ya fi sau goma. An ce araha ba ta ado, na san karin maganar tun ina firamare, amma ranar ba ta zo mini a rai ba.

Tifa biyu ya kawo. Motar ba ta iya shiga yashin hanyar gona, sai na ce ya juye a filin da ke bayan katangarmu ta gabas. Daga baya na auna da ƙafata, taku ashirin da uku ne daga nan zuwa rijiyar da mahaifinmu Baffa ya haƙa, kuma filin ya ɗan fi rijiyar tudu. Hamma ya zo ya duba, ya dafa kafaɗata ya ce yau dai boko ya yi rana. Da azumi ya kama muka kwashe tsibi ɗaya a mangala zuwa gonar gyaɗa. Cikin kwana huɗu hannuwana suka tsattsage, tsakanin yatsu ya yi gyambo, na ce ai aikin shebur ne da azumi. Jakin ya yi ciwo a gadon baya daidai inda mangala ke zama, dole muka huta da shi, ɗaya tsibin ya zauna a inda yake da cewa sai bayan salla. A watan Afrilu kajin Dada guda bakwai da ke tono a wurin suka mutu, aka ce ciwon kaji ne na bazara. Duk wannan na rubuta shi, kowanne a ranarsa, da tsabta da layi. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in jera su wuri ɗaya in dube su.

Ruwan shuka ya sauka ranar 28 ga Mayu, mai ƙarfi. Ya wanko tsibin ya bi gangare, ya sami bakin rijiyar ta gefen gabas inda sumunti ya fashe tun bara, gyaran da ni aka ba kuma na yi ta ɗagawa. Washegari ruwan guga ya ɗan yi duhu, bayan kwana biyu ya kwanta ya yi garau. Kowa ya ci gaba da sha, mu da gidaje shida na maƙwabta da kin san ba su da wata rijiyar. Ranar 8 ga Yuni Dada ta fara ciwon ciki da amai. Bayan sati ƙafafunta suka kumbura har takalminta ya daina shiga, matar Hamma kuma ta gaya mini a gefe cewa fitsarinta ya ragu ƙwarai. Bakin Fauziyya ya cika da ƙuraje. A gona gyaɗa ta fito rawaya, gefen ganyenta a ƙone, alhali ta maƙwabcin da muka yi iyaka da shi kore shar, iri ɗaya muka shuka, rana ɗaya.

Gyaɗar ce ta tashe ni, ba Dada ba, kuma wannan ma ina jin kunyar rubuta shi. Ranar 20 ga Yuni, bayan babbar salla, na ƙulla ɗan takin a leda na kai wa wani malamin gona a Gaya. Ya shinshina, ya juya shi da tsinke, bai taɓa da hannu ba. Tambayarsa ta farko ita ce ko akwai rijiya kusa da inda na zuba. Ya ce ya yi kama da lakar da ake kwashewa daga magudanar kamfanonin jimar fata, kuma maganin da ake jiƙa fata da shi yana daɗewa a ƙasa, idan ya shiga jikin mutum ƙoda yake nema. Ya ce shi ba zai rantse ba sai an gwada a Kano, amma da gidansa ne da ko alwala ba za a ƙara yi da ruwan ba. Na kai kwalba biyu ta ruwan inda ya kwatanta mini, an ce in jira, har yau ina jira. Da muka kai Dada asibiti, likita ya ce ƙodarta ta gaji. Ya ce zai iya zama shekaru, zai iya zama hawan jini, zai iya zama wani abu da take sha. Kin ga inda na tsaya, Adda. Wani lokaci in ce lallai ni ne, wani lokaci in ce tsohuwa ce mai shekara saba'in da ɗoriya kuma kowace damina ana ciwon ciki a garin nan. Ban san wanne ne gaskiya ba, na san dai wanne nake so ya zama gaskiya, shi ya sa ban yarda da kaina ba.

A ranar da na dawo daga Gaya na sami Hamma a wurin shanu na gaya masa komai. Ya saurare ni yana ɗaure maraƙi, sannan ya yi dariya ya kira ni Malam Biro, ya ce wanda ya cika rubutu ko tari ya yi sai ya nemo masa kwanan wata. Ya ce tun kafin a yanke mini cibi ake shan ruwan nan, bai taɓa kashe ko ɗan tsako ba. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya sauke murya. Ya ce idan na fita na ce akwai guba a rijiyar Baffa, to daga yau har shekara goma duk yaron da ya yi zazzaɓi a unguwar nan mu ne, ko akuyar wani ta yi ɓari mu ne, kuma sunan da Baffa ya bari na mai shayar da mutane ni zan binne shi da hannuna a kan maganar mutumin da ya ce ba zai rantse ba. Ya hana ni faɗa wa kowa har sakamako ya fito. Kada ki ɗauke shi mugu, shi ma ruwan yake sha, 'ya'yansa ma shi suke sha. A gabana ya jawo guga ya cika moɗa ya shanye, ya goge baki ya ce in je in rubuta wannan ma. Na bi umarninsa na kada in faɗa wa kowa. Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba sai ke ita ce na ji daɗi da ya hana ni, don ya ba ni wurin ɓuya.

Sai na koma yin abubuwa a ɓoye kamar ɓarawo a gidan ubansa. Na gyara bakin rijiyar, na tona hanyar ruwa ta kauce mata, na rufe tsibin da tamfol na danne da duwatsu. Na so in kwashe shi gaba ɗaya, amma na zaga garin nan da ƙafa ban sami inda zan kai shi ba. Tsohon kududdufi nan shanu ke sha. Bakin gona ruwa zai kai shi fadama inda mutane ke shuka kayan miya. Duk inda na tsaya, gonar wani ce ko mashayar wani. Ban taɓa lura da yadda ƙasar nan take a haɗe ba sai da na riƙe abin da ba ta da wurin ajiye shi. Fauziyya kuma na tura ta Kademi da yara, na ce goyon ciki za ta yi a gida. Matan unguwa suka yi ta dariya, wai tun da suke ba su taɓa jin goyon ciki a ciki na huɗu ba, wai ko na mayar da ita sabuwar amarya ne. Na yi murmushi na bar su a haka.

Dada ce ta gagare ni. Na ɗebo ruwan burtsatsen da ke kusa da makarantar firamare na juye mata a randa tana barcin rana. Kurɓa ɗaya ta yi ta tofar, ta tambayi wanda ya zuba mata ruwan gwamnati a randa, wai kamar mutum ya lashi tsohuwar ƙusa. Ta sa aka ba akuyoyi, aka jawo mata sabo daga rijiya. Na sayo mata ruwan leda, ta juya shi a hannu ta miƙo mini, ta ce ita ba fasinja ba ce da za ta riƙa tsotsar leda kamar tana tasha. Da na nace, sai ta dube ni ta ce ruwan mijinta ne, da shi ta yi wankan jegon kowannenmu, kuma da shi take so a wanke ta idan ranar ta zo. Ta faɗa ne cikin natsuwa tana gyara ɗankwali, ni kuwa na tashi na fita. A nan ya kamata in gaya mata dalili. Ban gaya mata ba.

Yau da safe na fita duba tamfol ɗin, sai ga Amarya matar maƙwabcinmu Malam Kabo ta zo da bokiti, da 'yarta Jannat a goye, wata biyar ke nan da haihuwarta. Akwai wasu mata uku a bayanta. Ta tsokane ni ta ce ko an ɗauke ni gadin rijiya ne tun da uwargida ta tafi, kullum ina tsaye a nan kamar turke. Tana zura guga tana ba sauran labari cewa yarinyar ta kwana biyu tana zawo, an ce mata a asibiti ta haɗa ruwan gishiri da sukari da ruwa mai tsabta ta riƙa ba ta, shi ya sa ta yi sammako kafin a dagula rijiyar. Adda, ban san lokacin da na kama igiyar gugar ba. Na gaya musu duka, daga tifa har maganar malamin gona, har da cewa ba a tabbatar ba tukuna. Sannan Amarya ta tambaye ni tun yaushe na sani. Da a ce na ce mata jiya, babu wanda zai ƙaryata ni sai Hamma, shi kuma ba zai yi ba. Na ce mata kwana goma sha tara. Ta gyaɗa kai a hankali, ta ce ashe wannan ne goyon cikin, ashe suna yi wa Fauziyya dariya ne alhali su ne abin dariyar. Ba ta zage ni ba. Ta juye ruwan da ta riga ta ɗiba a ƙasa, ta ƙara ɗaure goyonta, ta tafi. Da ta zage ni da na sami abin riƙewa.

Kafin azahar na rufe rijiyar da kwanon rufi da katako na sa kwaɗo, na je na sanar da mai unguwa da bakina. Ya ce gobe bayan la'asar magidanta za su zauna, in zo da littafin nawa. Ina tsoron zaman nan, ina tsoron fuskar Malam Kabo, mutumin da ya riƙe mini ragon sunan 'yata Afra'u. Na ari kurar 'yan garuwa na kai wa gidajen shida ruwan burtsatse, huɗu sun karɓa, biyu sun ce in bar shi a ƙofa. Jannat an tafi da ita asibiti a Ajingi, ban ji labari ba tukuna, kuma ba ni da fuskar da zan je in tambaya. Hamma ya amsa sallamata da rana, bayan ita bai ƙara ce mini komai ba. Ya ɗauki tabarmarsa daga zauren da muke cin abinci tare tun rasuwar Baffa, ya koma wurin shanu.

Labari ya riga ni shiga ɗakin Dada. Ta aiko aka kira ni. Ba ta tambaye ni zancen guba ba, ba ta tambayi tifa ba. Ta tambaya ko gaskiya ne na sa wa rijiyar ubana kwaɗo. Na ce gaskiya ne. Ta miƙo hannu ta ce in ba ta mabuɗin. Na durƙusa na ce ta gafarce ni, ba zan bayar ba. Shekarata arba'in da biyu, yau ne karo na farko da na ce mata a'a. Ta daɗe da hannun a miƙe, sannan ta janye shi ta juya fuska ga bango. Jiya aka cika mata randa daga rijiyar. Ta sa an matso da ita gefen gadonta, ta rufe da faifai ta ɗora carbinta a kai, ba mai taɓawa. Da yadda take sha, na ƙiyasta zai kai ta Alhamis. Ta gaya wa matar Hamma cewa idan ya ƙare ba za ta sha wani ba. Likita kuwa ya ce ƙodar da ta gaji ba a barinta da ƙishi. Ga shi nan, ina tsoron ruwan da ke cikin randar, kuma ina tsoron ranar da zai ƙare.

Abin da nake roƙo ke nan. Ke ce 'yar fari. Dada ba ta taɓa kiran sunanki ba, har yau ta Fatakwal take ce miki, kuma saboda wannan kunyar ba ta taɓa yi miki musu ba. Lokacin aikin idonta mun yi wata uku muna lallashi ni da Hamma, ke kika faɗa sau ɗaya ta nemi mayafinta. Ki kira ta a wayar matar Hamma, tsakanin azahar da la'asar, lokacin ne take da ɗan ƙarfi. Ki ce ta bar ruwan randar, ta sha wanda zan kawo, ko da za ta sha tana zagina. Kada ki rufa mini asiri, ki gaya mata ni na kawo abin, ni na ƙi gyara bakin rijiyar, ni na yi shiru. Amma kada ki ce mata rijiyar ta mutu. Ki ce za a yashe ta a sake gwadawa, duk da ni kaina ban san ko yasa za ta isa ba. Idan da hali ki yi wa Hamma magana shi ma, ba don ya yafe mini ba, don ya daina ba yaransa ruwan da ya ajiye a jarkoki. Mai yiwuwa sakamako ya fito a ce ruwan lafiya lau, ya zama na kulle rijiyar Baffa na tozarta gidanmu a banza, Hamma ya sami abin yi mini dariya har ƙarshen rayuwa. Wallahi, Adda, wannan dariyar nake roƙon Allah a kowace sujada.

Ki gaishe mini da Alhaji Hadi da kyau, ki ce ina neman addu'arsa, kuma idan kin ga dama ki ba shi ya karanta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki gaishe da Musbahu da A'isha, Allah ya ba su sa'ar karatu, da Muhyiddeen ƙarami da ban gani ba sai a hoto. Fauziyya ta ce duk ranar da na yi magana da ke in isar da gaisuwarta. Ita ma ba ta san dalilin tafiyarta ba, daga Ajingi zan wuce Kademi in gaya mata kafin ta ji a bakin wasu. Allah ya ba Dada lafiya, ya ba Jannat lafiya, ya yafe mini.

Adda, ki kira kafin Alhamis.

Ƙanenki mai jiran muryarki,
Mu'az